Yadda maganin feshin kaska yake aiki, da yadda ake fesa shi a jiki, a tufa da kan bisashe

A damanar bara, cikin watan Agusta, yarona ya tafi yanko wa awaki ciyawa a fadamar Gulbin Maradi. Kafin ya fita ni da hannuna na fesa masa maganin korar ƙwari da na sayo a farmasi, a wuya da damatsa da bayan hannu. Bayan kwana biyu uwarsa ta lura yana ta susar bayan gwiwa. Ta ce, "Malam, zo ka ga abin da ke jikin yaron nan." Kaska ce ta kafa kai a lanƙwasar gwiwa har ta fara kumbura, fatar wurin ta yi ja ta ɗau zafi. Nan take na ɗora wa maganin laifi, na ce jabu aka sayar mini. Sai da na zauna da likitan dabbobi na gane kuskuren nawa ne. Feshin sauro na yi wa yaron, alhali kaska daga ƙasa take hawowa, shi kuwa da silifa da gajeren wando ya kutsa cikin ciyawa.

Maganin kaska yana aiki ne a daidai inda ya sauka, kuma kowane iri da wurin da aka yi shi dominsa: akwai na fata, akwai na tufa, akwai na bisashe. Wanda ya san hanyar da kaska ke bi ya tare ta a nan, ɗan magani kaɗan ya ishe shi. Wanda bai sani ba sai ya ƙarar da kwalba, ya cutar da kansa ko dabbarsa, kaska kuma tana nan daram.

Fara da sanin hanyarta

Kaska dangin gizo-gizo da kunama ce. Babba tana da ƙafa 8, ƙaramar da ta fito daga ƙwai tana da 6. Ba ta da fiffike, ba ta kuma tsalle. Takan hau tsinken ciyawa ta riƙe shi da ƙafafun baya, ta miƙa na gaba biyu tana kaɗa su a iska. A kusa da ƙarshen kowace ƙafar gaba akwai wani ɗan rami wanda ido ba ya gani sai da madubin bincike, ana kiransa gaɓar Haller, da sunan masanin da ya fara bayyana ta a 1881. Wannan shi ne hancinta. Da shi take jin iskar da mutum ko dabba ke fitarwa a numfashi, da warin gumi da na fitsari, da ɗumin jiki. Da ka gogi ciyawar sai ta kama, ta fara rarrafe sama tana neman wuri mai laushi da duhu da ɗumi.

Iri biyu ne ya kamata mai kiwo a nan ya gane da ido. Ta farko ita ce mai zane a baya, wadda namijinta ke da ado ruwan tagulla. Manyanta da saukar ruwan farko suke fitowa, kuma sun fi yawa a kudu inda ake da laima, wajen Madarunfa da dajin Baban Rafi da fadamun gulbi. Bakinta dogo ne, tana ɓata hantsar saniya, kuma inda ta yi yawa nan kirci ke tsananta. Ita ce kuma ke ɗauke da ciwon da ke sa akuya ko tunkiya ta riƙa zagaye tana faɗuwa tana shure-shure, in an yanka a tarar da ruwa ya taru a jakar zuciya. Ta biyu ita ce mai ƙafafu zobe-zobe, fari da ja-ja. Wannan ba ta damu da fari ba, ana samunta har arewa wajen Dakoro. Ba ta cika zaman jira a kan ciyawa ba, a ƙasa take laɓewa, in ta ji motsin dabba sai ta biyo da gudu. Ita ce ke yaɗa zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan kashe mutum 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda ya kama.

Dukkansu biyu yawancin rayuwarsu a ƙasa suke yi. Su hau su sha jini su sauka, su yi saɓa, su sake hawa wata dabbar. Macen da ta ƙoshi takan faɗo ta zuba ƙwai dubbai a ƙarƙashin shara ko a tsagar ƙasa. Saboda haka wadda ka gani a jikin akuya kaɗan ce daga cikin waɗanda ke jira.

Abin da ke cikin kwalba, da abin da yake yi mata

Na fata kora yake yi, ba ya kisa. Mafi shahara shi ne DEET, wanda aka ƙirƙiro a Amurka domin sojoji a shekarun 1940, aka ba jama'a izinin amfani da shi a 1957. Akwai kuma ikaridin, da kamfanin Bayer na Jamus ya samar a shekarun 1980, wanda ake rubutawa icaridine a kwalaben da ke da Faransanci, sai kuma wani mai suna IR3535. In ka shafa, maganin yakan riƙa tashi a hankali daga fata, ya yi ɗan tururi siriri wanda bai wuce kusa da jiki ba. Wannan tururi ne ke rikita hancin kaska. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2019 ya nuna har jin ɗumin jikin da take yi yakan dagula. In kuma ta taka fatar da ke da maganin, ƙafafunta ba sa so, sai ta juya ko ta saki ta faɗi.

A nan akwai abu biyu da mutane ba sa lura da su. Sauro in ya ji warin sai ya tashi ya bar ka. Kaska kuwa da ƙafa take, in ta tarar da ɗan wurin da magani bai taɓa ba sai ta bi ta nan ta shige ƙarƙashin wando. Shi ya sa kariyar da magani ɗaya ke bayarwa daga kaska ba ta kai tsawon wadda yake bayarwa daga sauro ba. Na biyu, lambar da ke jikin kwalba, kashi 10 ko 30 ko 50 cikin 100, tana nuna daɗewar da maganin zai yi a fata kafin ya ƙare. Domin kaska, a nemi DEET mai kashi 20 zuwa 30, ko ikaridin mai kashi 20. Abin da ya haura 50 ba ya ƙara wani abin kirki sai tsada da maiƙo.

Na tufa shi ne farmetirin, a kwalba perméthrine. Asalinsa kwaikwayo ne na gubar wani fure da ake nomawa a Kenya, kuma a 1973 aka haɗa shi a Ingila. Danginsa ne ake sa wa gidan sauron da ake raba wa mata masu ciki da yara. Aikinsa a jijiya yake. A jikin jijiyar kaska akwai ƙananan ƙofofi da ke buɗewa su rufe cikin ƙiftawar ido domin saƙo ya wuce. Farmetirin yakan hana su rufuwa, sai saƙo ya yi ta zuba ba tsayawa. Kaskar da ta hau wandon da aka fesa za ka ga tana ɗaga ƙafafu kamar mai taka rairayin bazara, ta yi tangaɗi, ta saki. In ta daɗe a kai sai ta shanye ta mutu. Dalilin da ya sa ake sa shi a tufa shi ne yana kama zare ya zauna, a fata kuwa jiki yakan lalata shi da wuri.

Na bisashe kisa yake yi kai tsaye, kuma gida uku ne. Gida na farko amitraz ne, yana taɓa wani sinadarin saƙo na jikin kaska, sai ta zare bakinta daga fata da kanta ta faɗo, wadda ta tsira ma ƙwanta yakan ragu. Sifarmetirin da daltametirin da fulumetirin ƴan gidan farmetirin ne, ƙofofin jijiya suke buɗewa. Gida na uku shi ne na tsofaffin magunguna masu ƙarfin wari, dangin fiya-fiya, waɗanda ke hana jijiya hutawa bayan ta isar da saƙo. Su ne suka fi haɗari ga mutum, domin abin da suke yi wa kaska shi suke yi mana.

In kai ne za ka shiga ciyawa

Mataki na farko tun jajibiri ake yinsa, a kan tufa. Ware wando ɗaya mai kauri da riga mai dogon hannu da safa da takalmi rufaffe, su zama kayan gona. Masu haske sun fi, domin ana saurin ganin kaska a kansu. Rataye su a igiya a waje, a inuwa, inda iska ke wucewa. Kada ka fesa suna jikinka. Duba kwalbar ka tabbata an rubuta na tufa ne, mai ƙarfin 0,5%, wato rabin kashi ɗaya cikin 100. Girgiza, ka riƙe nesa da tufar kamar taƙi ɗaya, ka bi a hankali har ta yi danshi amma ba ta ɗiga ba, ka juya ɗaya gefen. Daɗe a kan safa da bakin wando zuwa gwiwa da ƙugu da bakin hannun riga, nan ne mashigarta. Singileti da kamfai ba a fesa musu. Bar su su bushe sarai, awa 2 ko fiye, a damana ma har 4. Feshi ɗaya yakan kai mako 6 ko wanki 6, duk wanda ya riga zuwa. Ajiye kayan a leda a wuri mai duhu, rana tana cinye maganin, kuma a wanke su daban.

In akwai kyanwa a gidan a nisanta ta har kayan su bushe. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da farmetirin, ɗan kaɗan yakan sa ta karkarwa har ta mutu.

Ba kowane farmasi ne ke ajiye wannan na tufa ba. In ba ka samu ba, kada ka ce bari in tsarma na gonar wake in jiƙa wando da shi. Na gona yana da ƙarfi ninki da yawa, kuma an narka shi cikin man da ke ƙona fata. Ka haƙura da na fata, a fesa shi a safa da bakin wandon auduga, shi ma yana taimakawa.

Mataki na biyu da safe, lokacin sa kaya. Cusa bakin wando cikin safa, ka cusa riga cikin wando. Na san ba shigar da muka saba ba ce, amma ita ce ke tilasta wa kaska ta yi tafiyarta a waje, a kan tufar da ke da magani, inda kuma za ka gan ta. Mace mai ɗaura zane ta sa wando a ciki, ta cusa shi a safa. Takalmin roba mai tsawo, irin na masu aikin lambu, ya fi komai.

Na uku, na fata, a wurin da tufa ba ta rufe ba kawai. Fara daga ƙasa: idon sawu, ƙwauri in a buɗe yake, sannan wuyan hannu, bayan hannu, wuya da bayan kunne. Bayan ka fesa, bi da tafin hannu ka shafe ko'ina kamar mai shafa mai, kada a bar tsibiri. Fuska ba a fesa mata kai tsaye, a tafi ake zubawa a shafa, a kauce wa ido da leɓe. Kada a sa a kan rauni ko ƙurji, kada kuma a sa a ƙarƙashin tufa. Yaro babba ne ke shafa masa, kuma ban da tafin hannunsa domin baki yake kaiwa. Jaririn da bai kai wata 2 ba ba a sa masa ko kaɗan. DEET yana cin roba, don haka wanke hannu kafin ka taɓa gilashin ido ko agogo ko fuskar waya ko carbin roba. Ikaridin ba ya wannan ɓarna, ba ya kuma maiƙo, shi ya sa ni na fi son shi.

Gumin noma yana wanke magani, haka ma alwala. Wanda ya yi alwalar azahar a gona ya wanke hannu da ƙafa, to ya sake shafawa kafin ya koma cikin kunya.

Na huɗu shi ne wanda na yi sakaci da shi a kan yarona. Da an dawo gida a tuɓe kayan a waje a kakkaɓe, a yi wanka da sabulu, sannan a duba jiki da kyau: tsakanin yatsun ƙafa, bayan gwiwa, matsematsi, cibiya, inda tazuge ke zama, hammata, bayan kunne, cikin gashi. Ƙananan kaska ba su fi ƙwayar gero ba, wasu ma ba su kai ba, sau da yawa yatsa ne ke jin su kafin ido ya gani. Uwa ta duba ƴaƴanta da fitila in dare ya yi.

In bisashe za ka yi wa

A nan aka fi yin ɓarna, ni ma na taɓa yi. Shekarun baya na sayi wani magani a kasuwa cikin ƴar kwalbar da ba rubutu. Na ce wa mai sayarwa, "Malam, yaya ake haɗa shi?" Ya ce, "Alhaji, murfi biyu a bokiti, in kaskar ta yi yawa ka ƙara ɗaya." Na ƙara. Ba a yi awa guda ba jar akuyata mai ciki ta fara dalalar da miyau, naman cinyarta yana rawa, idonta ya ƙanƙance, ga zawo. Muka yi ta kwara mata ruwa da sabulu har likitan dabbobi ya iso ya yi mata allura. Ta rayu, amma ta yi ɓari. Tun ranar ban sake sayen abin da ba shi da takarda a jiki ba.

To ka fara da sayen mai suna, mai ranar ƙarewa, mai hoton dabba, daga kantin maganin dabbobi ko hannun ma'aikatan kiwo. Karanta ko ka sa a karanta maka abu huɗu: sunan sinadarin, yawan da ake zubawa a lita, dabbobin da aka hana, da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka.

Maganar dabbobin da aka hana ba ta wasa ba ce. Amitraz ba a sa wa doki, ba a sa wa jaki. Yakan tsayar musu da hanji, ciki ya ƙulle, dabba ta mutu. A garin da kusan kowace unguwa akwai jakin amalanke da dokin hawan salla, wannan ya kamata kowa ya sani.

Sai awo. Murfi da moda ba ma'auni ba ne, sayi sirinji ka cire allurar ka keɓe shi domin wannan aiki. Yawancin amitraz mai ƙarfin kashi 12,5 cikin 100 ana zuba mililita 2 ne a kowace litar ruwa domin shanu, wato mililita 30 a famfon goyo mai lita 15. Amma takardar kwalbarka ita ce alƙali. Zuba ruwa rabin famfo, sa maganin, girgiza, sannan ka cika. Haɗa iya wanda za ka ƙarar a ranar, domin amitraz in ya kwana cikin ruwa yakan lalace. Famfon da aka yi feshin ciyawa ko na wake da shi bai dace ba sai an wanke shi tas, in da hali ma a ware na bisashe daban.

Ƙara awo yana kashe dabba. Rage shi kuma, don kwalba ta daɗe, yana barin kaska masu taurin rai su tsira su hayayyafa, bayan ƴan shekaru a wayi gari maganin ba ya jin su. In ka ga haka ta fara faruwa, canjin sunan kamfani ba ya magani. Daga sifarmetirin zuwa daltametirin gida ɗaya ka zagaya. Sai dai a koma amitraz, ko daga amitraz a koma wancan gidan, da shawarar likita.

Zaɓi sanyin safiya ko na yamma, ranar da ba hadari. Shayar da dabbobin tukuna domin mai ƙishirwa takan lashi jikinta. Kawar da kwanon ruwa da harawa da dusa, a kulle kaji domin za su tsince kaskar da ta faɗo da guba a jikinta, a kori yara. Kai kuma sa safar hannu ta roba, takalmin roba, doguwar riga, ka rufe hanci da baki, ka tsaya iska tana bayanka. Ba cin goro, ba shan taba har ka gama ka yi wanka.

Yadda ake feshin shi ne inda aikin yake. Mutane sukan watsa a gadon baya su ce sun gama, alhali kaskar nan biyu ba a baya suke zama ba. Ɗaure dabbar a turke, wani ya riƙe. Fara daga kofato, ka buɗa tsakaninsa ka fesa. Hau ƙafafu, ka shiga hantsa ko maraina da matsematsi, ɗaga wutsiya ka jiƙa ƙarƙashinta har tukkunta, bi ciki zuwa ƙirji da hammata da fatar da ke reto a ƙarƙashin wuya. Sannan haƙarƙari da baya. Kai ne na ƙarshe, kunne kuma da tsumma jiƙaƙƙe ake goge shi, a kiyaye ido da hanci. Bakin famfo ya riƙa fuskantar gashi ta inda zai tashe shi, domin ruwan ya kai fata. Babbar saniya takan ci wajen lita 5 kafin ta jiƙu yadda ya kamata. Wanda ya yi wa shanu 15 da famfo ɗaya, raɓa ya yayyafa musu. A bar dabba ta bushe a inuwa, kada ɗan da ke shan nono ya koma wurin uwa sai hantsa ta bushe an goge kan nonon. Ƙanana ƙwarai da marasa lafiya da waɗanda suka galabaita, a cire musu da hannu.

Akwai irin da ba a tsarmawa, wanda ake zubawa a layin gadon baya ya bazu da kansa cikin maiƙon fata. Da nauyin dabba ake auna shi. Ga mai raguna biyu ko uku a cikin gari, shi ya fi sauƙi da aminci.

Wata dabara kuma ta fito daga Bobo Julaso a Burkina Faso, inda masu bincike na cibiyar nazarin kiwo ta CIRDES suka lura cewa kaska mai zane a baya tsakanin kofato take fara maƙalewa a wurin kiwo, sai dabba ta kwanta da dare take hawa hantsa da ƙirji. Sai suka gina ɗan kwarmin siminti a ƙofar garke, aka zuba magani, shanu su taka su wuce da yamma in sun dawo. A farkon damana ana yi duk bayan kwana 2 ko 3, maganin da ake ci kaɗan ne, aikin kuma na ƴan mintoci. Ina ganin ƙungiyoyin makiyaya na kudancin jiharmu ta Maradi za su amfana in suka haɗa kuɗi suka gina irinsa.

Ba na goyon bayan a yi ta feshi shekara zagaye. Shanunmu da awakinmu na gida in sun haɗu da kaska kaɗan tun suna ƙanana jikinsu yakan saba da wasu cututtukanta. A tsananta daga ruwan farko zuwa kaka, da rani kuma a riƙa dubawa ana cirewa.

Hausawa na cewa da haushin kifi kaska ke mutuwa, don ba ta da hanyar kama shi. Maganinta kuwa yana kama shi, ɗan kaɗan na gidan farmetirin yakan kashe kifin tafki da ƙudan zuma. Kada a wanke famfo a gulbi ko tafkin Madarunfa ko bakin rijiya. Haƙa rami nesa da ruwa ka zuba ɗaurayar a ciki. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau 3, a huda ta, kada wani ya mayar da ita ta man gyaɗa. Wadda ba ta ƙare ba a kulle ta inda yaro ba ya kaiwa, kuma kada a juye magani a robar lemo.

Garken ma yana son gyara. A share taki da shara, a yaɓe tsagogin bango, domin kaskar kare da ta kaji a nan suke ɓuya, ta kaji ma da dare kawai take fitowa ta sha jini ta koma.

In ta riga ta kama, ko magani ya taɓa mutum

Ɗauki matsefata, ka kama kaskar daf da fata, a kai, ka ja a miƙe a hankali ba fizga ba murɗawa, har ta saki. Kada a ɗiga mata kananzir ko man shanu, kada a sa mata garwashi ko a fesa mata magani tana jikin mutum, domin duk lokacin da aka ɓata ana jiran ta saki tana ci gaba da zuba miyau a jini. Kada a fasa ta da farce, ko ta jikin dabba ce. Jefa ta a wuta ko cikin kwalbar kananzir. Wanke wurin da hannunka da sabulu, ka riƙe ranar a ka.

In zazzaɓi ya zo cikin mako biyu, da ciwon kai da na jiki, ko baƙin ɓawo ya fito a wurin cizon da kaluluwa, a je asibiti a faɗa wa likita da baki cewa kaska ta ciji mutumin nan ranar kaza. Ba kowane zazzaɓin damana ne na sauro ba, kuma wasu cututtukan kaska maganinsu daban ne. In aka ga haɓo ko jini a dasashi ko tabon jini a ƙarƙashin fata, a tafi a daren, masu jinya kuma kada su taɓa jinin da hannu tsirara.

Wanda maganin bisashe ya zube masa, a tuɓe kayan a wanke shi da ruwa mai yawa da sabulu. In ya shiga ido a yi ta zuba ruwa minti 15. Wanda ya sha, ko aka ga yana dalala da gumi da amai, ko barci mai nauyi yana ɗaukarsa, kada a ba shi madara ko manja, kada a sa shi amai. A kwantar da shi a gefe, a kai shi asibiti da kwalbar a hannu, domin sunan da ke jikinta ne zai nuna wa likita allurar da zai yi.

Saura maganar ragon layya. Dabbar da ta ɗauki zazzaɓin Kirimiya da Kwango ba ta nuna alama, tana cin abincinta lafiya, amma ƙwayar tana yin wajen mako guda a jininta, kuma mai yanka da mai fiɗa ta nan suke ɗauka. Shi ya sa ake ba da shawarar a yi wa dabba maganin kaska kwana 14 kafin yanka. Ka sayi ragonka da wuri in da hali, ka duba ƙarƙashin wutsiya da matsematsi da tsakanin kofato tun a kasuwa, ka yi masa magani ranar da ya shigo gida, ka ɗaure shi nesa da sauran. Lissafa kwanakin jiran da ke jikin kwalba ka tabbata sun cika kafin ranar salla. Ranar yanka kuma mai fiɗa ya sa safar hannu, in yana da rauni a hannu ya ba wani wuƙar.